Ina Ɗan Ajinku? Wa'azi a kan Zumuncin Tsoffin Ɗalibai



Kowace shekara, daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Janairu, sa'ad da hunturu ya sauka, ma'aikata kuma suka koma garuruwansu hutu, mukan ga wani irin taro yana yawaita a cikinmu, wato taron tsoffin ɗalibai. Mutanen da suka bar makarantar sakandare shekara 30 ko 40 da suka wuce sukan sa rana, su ɗinka anko, su yanka sa, su taru a harabar tsohuwar makarantarsu ko a wani babban ɗakin taro. Da yawa daga cikinsu sukan zo wurinmu su roƙa a yi musu Misa ta godiya, mu kuwa mukan yi da farin ciki, gama abu ne mai kyau mutum ya tuna da inda ya fito. Amma da yake Ikkilisiya ta keɓe ranar 2 ga Janairu domin tunawa da waɗansu tsarkaka biyu waɗanda abutarsu ta soma a makaranta, mun ga ya dace mu zauna tare da ku mu duba wannan zumunci da idon bangaskiya, mu ga abin da Allah yake nema a wurinmu ta hanyarsa.

Abin da ya haɗa mu tun farko

Ba wanda ya zaɓi 'yan ajinsa. Yaro yakan iso makarantar kwana da akwatin ƙarfe a ka, da bokiti da lauje a hannu, ya tarar an riga an rubuta sunansa a rajista tare da sunayen waɗansu yara da bai taɓa gani ba, waɗansu ma bai san harshensu ba. Ɗan sarki da ɗan manomi, ɗan katikis da ɗan liman, gado kusa da gado. Ƙararrawa ɗaya ke tashe su da asuba, kunu ɗaya suke sha, in an yi laifi bulala ɗaya ke zagaye su. Shekara biyar suna tare, har kowa ya san tarin ɗan'uwansa cikin duhu, ya san wanda yake kuka da dare saboda kewar uwarsa, ya san wanda ba a taɓa zuwa ziyararsa ba.

Iyayenmu na bangaskiya sun san darajar wannan zama. Tun da Fadan mishan na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam a shekarar 1907, makaranta ta zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin aikin Bishara a Arewa. Daga baya aka kafa kwalejoji irin su St. John's a Kaduna, da Queen of Apostles a Kakuri, da St. Louis a Kano, da St. Murumba a Jos, da St. Joseph's a Vom. A farkon shekarun 1970 gwamnati ta karɓi waɗansu daga cikinsu, har aka sauya musu suna: St. John's ta zama Kwalejin Rimi, Queen of Apostles kuma ta zama Kwalejin Sarauniya Amina. Waɗansunmu kuwa makarantun gwamnati suka yi tun daga farko. Ko wace ce mutum ya yi, abu ɗaya ne ya same shi: Allah ya sa shi a tsakiyar waɗansu mutane tun kafin ya zama kowa, suka san shi ba tare da muƙami ba, ba mota, ba babbar riga. Saboda haka muke cewa 'yan aji amana ce. Kamar yadda mutum bai zaɓi 'yan'uwan da suka fito ciki ɗaya da shi ba, amma Allah zai tambaye shi a kansu, haka nan waɗannan da muka girma tare da su.

Littafin Sirak, a sura ta 9, ya gargaɗe mu kada mu yar da tsohon aboki, domin sabo ba zai kai shi ba, ya kuma kwatanta sabon aboki da sabon ruwan inabi wanda sai ya daɗe yake daɗin sha. Mu ma a harshenmu mukan ce tsohuwar zuma da ita ake magani. To, amma zumar da aka rufe a tulu aka manta da ita, wa za ta warkar?

Basil da Giregori

Tsarkakan da muke tunawa da su ranar 2 ga Janairu su ne Basil Babba da Giregori na Naziyanzus. Dukansu biyu 'yan ƙasar Kafadokiya ne, wadda take cikin Turkiyya ta yau, an kuwa haife su wajen shekarar 330. Sun yi karatu tare a birnin Atina. A wancan zamani ɗaliban Atina suna da al'adar wulaƙanta sabon shiga, su kewaye shi da ihu da ba'a, su kora shi cikin kasuwa har zuwa gidan wanka, kafin su karɓe shi. Duk wanda ya yi aji ɗaya a makarantar kwana ya san irin wannan hali. Giregori, wanda ya riga Basil zuwa, shi ne ya shawo kan ɗalibai suka ɗaga wa Basil ƙafa. Daga nan abutarsu ta kafu: ɗaki ɗaya, abinci ɗaya, ba su kuwa san hanya a birnin ba sai ta majami'a da ta wurin malamansu.

A cikin ɗaliban Atina na waɗannan shekaru akwai wani saurayi mai suna Juliyan. Shi ne ya zama sarkin daular Roma a shekarar 361, ya juya wa bangaskiya baya, har ya hana Kirista koyar da littattafan ilimi na zamanin. Ku duba, makaranta ɗaya ta fitar da bishop biyu masu tsarki da sarki mai ridda. Irin wannan ba sabon abu ba ne. Littafin Ayyukan Manzanni, a sura ta 13, ya ambaci Manayin cikin annabawa da masu koyarwa na ikkilisiyar Antakiya, ya kuma faɗa mana cewa tare aka goye shi da Hirudus, wanda ya sa aka fille kan Yohanna Mai Baftisma. Zama a benci ɗaya ba ya sa ƙarshe ya zama ɗaya, kowa da hanyar da zai zaɓa a gaban Allah.

Kada kuma mu zaci abutar tsarkakan nan biyu ta tafi sumul. Basil ya zama Bishop na Kaisariya a shekarar 370. A shekarar 372, saboda wata jayayya a kan iyakar mulkin ikkilisiyoyi, ya naɗa Giregori bishop na wani ɗan ƙauye mai ƙura da ake kira Sasima, zangon matafiya kawai, ba domin amfanin Giregori ba sai domin ya ƙarfafa nasa ɓangaren. Giregori ya ji ciwo ƙwarai, ya ga abokinsa ya hau matsayi ya mai da shi kamar kayan aiki, bai kuwa taɓa zama a Sasima ya yi aikin bishop ba. Sanyi ya shiga tsakaninsu. Duk da haka, bayan Basil ya rasu a shekarar 379, Giregori ne ya tsaya ya yi masa jawabin yabo wanda har yau ake karantawa, inda ya ba da labarin zamansu na Atina, bai kuma ɓoye ɓacin ran da ya shiga tsakaninsu ba. Ikkilisiya cikin hikimarta ta haɗa su a rana ɗaya. Darasin a fili yake: matsayi yakan ɓata tsohuwar abuta, har a tsakanin masu tsarki, amma gafara tana iya ɗinke ta. Akwai 'yan aji a cikinmu da suka yi shekaru ba sa ga maciji, saboda bashi, ko neman aure, ko siyasa, ko wata alfarma da aka nema ba a samu ba. Kada mu jira sai a bakin kabari.

Wanda bai zo taron ba

Yanzu bari mu zo ga abin da ya fi damunmu. A makaranta kowace safiya akan kira suna. Malami yakan bi rajista daga farko har ƙarshe, wanda bai amsa ba kuwa sai an san dalili: yana asibitin makaranta ne, ko an kore shi kuɗin makaranta, ko ya tsallake shinge? Ba a rufe littafi sai an san inda kowa yake. Muna tambaya, a taronmu na tsoffin ɗalibai, wa yake kiran suna?

Mun lura cewa waɗanda suke zuwa taro galibi su ne waɗanda duniya ta yi wa daɗi. Ɗan ajin da ya zama kwamishina, ko babban hafsan soja, ko mai kamfani, ba a rasa lambar wayarsa, akan kuma ba shi kujerar gaba. Amma wanda aka sallama daga aiki, da malamin firamare da ya yi ritaya yana jiran fansho, da wadda aurenta ya mutu, da wanda giya ta kayar, da wanda ciwon tabin hankali ya kama, su ba a ganinsu. Ba korarsu aka yi ba. Kuɗin anko da kuɗin ƙungiya ne suka tsaya musu a ƙofa, kunya kuma ta ƙarasa sauran. Mutum yakan gwammace ya zauna a gida da ya je a tambaye shi, "Yanzu kana ina ne?" alhali ba shi da amsar da zai bayar. Masu iya magana sun ce talaka ba aboki ba ne, ko ka so shi ran biki ka ƙi shi. Wannan karin magana ya faɗi halin duniya daidai, amma Kirista ba shi da izinin rayuwa a kansa.

Za mu faɗi abin da ya same mu, domin kada ku ce Fada yana nuna wasu da yatsa. Waɗansu shekaru da suka wuce aka kira mu jana'izar wani ɗan ajinmu. A makaranta shi ne gwaninmu a lissafi, da yawa daga cikinmu a bayansa muka tsallake jarrabawa, in kuwa guzurin wani ya ƙare, akwatinsa ake buɗewa a jiƙa gari a sha. Ranar jana'iza ajinmu ya yi abin a yaba: an sayi akwatin gawa mai tsada, an kafa rumfuna, an zo cikin anko, an karanta jawabi. Bayan an watse, matarsa ta matso kusa da mu, ta yi godiya cikin ladabi, sa'an nan ta faɗa mana a hankali cewa mijinta ya yi fiye da shekara ɗaya a kwance, har suka sayar da kekensa na ɗinki da gonarsa saboda magani, kuma a duk wannan lokaci yana ambaton sunayenmu, amma ya hana ta neman kowa don kada ya zama kaya. Ba ta zarge mu ba. Mu ne muka yi lissafi a zuci, muka ga kuɗin akwatin nan kaɗai da ya sayi maganin watanni da yawa. Gidansa kuwa bai fi tafiyar awa biyu a mota daga inda muke aiki ba. Muna da lambarsa. Mun yi ta cewa sai an sami sarari.

Tun daga ranar, duk lokacin da muka karanta labarin Yusufu a Littafin Farawa, sura ta 40, sai jikinmu ya yi sanyi. Shugaban masu shayarwa na Fir'auna ya zauna a kurkuku tare da Yusufu, Yusufu ya fassara masa mafarkinsa, ya roƙe shi abu ɗaya tak, ya tuna da shi in al'amura sun yi masa kyau. Mutumin ya koma fada, ya manta. Shekara biyu cur Yusufu ya ƙara a kurkuku. Mai shayarwar bai yi wa Yusufu sharri ba, bai yi masa ƙarya ba. Mantuwa kawai ya yi. Yawancin zunubin da muke yi wa tsoffin abokanmu irin wannan ne, shi ya sa a farkon Misa muke furta cewa mun yi zunubi ta wurin abin da muka aikata da kuma abin da muka kasa aikatawa.

Ku gwada shi da Sarki Dauda. A Littafin Sama'ila na Biyu, sura ta 9, bayan mulki ya kahu a hannunsa, Dauda da kansa ya tambaya ko akwai wanda ya ragu daga gidan Saul, domin ya nuna masa alheri saboda abokinsa Jonatan. Aka gaya masa akwai Mefiboshet, ɗan Jonatan, gurgu ne, yana zaune a wani wuri da ake kira Lodebar. Mefiboshet bai rubuta takardar neman taimako ba. Dauda ne ya aika aka ɗauko shi, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburinsa kullum. Mai ƙarfi shi ne yake nema, domin marar ƙarfi kunya ba za ta bar shi ya zo ba.

Ubangijinmu ya ƙara tsananta maganar a Bisharar Luka, sura ta 14, inda ya ce wa mai gidan da ya gayyace shi, in zai yi biki kada ya tsaya ga waɗanda za su iya rama masa, sai ya kira matalauta da guragu da makafi, sakamakonsa kuwa yana ranar tashin masu adalci. Manzo Yakubu ma, a sura ta 2 ta wasiƙarsa, ya tsawata wa taron da yake ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ya bar mai tsummoki a tsaye. In taronmu na tsoffin ɗalibai ya zama wurin auna wanda ya fi wani mota, da neman kwangila, da cusa ɗan wane a aikin da bai cancanta ba, to, mun mai da amana kasuwa. Mu tuna kuwa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba yakan koma baya.

Ɗan ajin da yake hayin kogi

Akwai wani rukuni na waɗanda suka ɓace daga rajistarmu, ba talauci ne ya raba mu da su ba. A ajinmu akwai Musulmi. Tare muka yi wasan ƙwallo, suka ci shinkafar Kirsimeti a gidajenmu, muka ci naman Sallah a gidajensu. Sa'an nan masifu suka zo: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001, da waɗanda suka biyo baya. Aka yi hasarar rayuka da dukiya a kowane ɓangare, unguwanni suka rabu, har a birnin Kaduna kogi ya zama kamar iyaka, galibin Kirista a kudu, galibin Musulmi a arewa. 'Ya'yanmu da yawa sun tashi ba su taɓa zama a benci ɗaya da ɗan wani addini ba, abin da suka sani game da juna shi ne abin da suka ji a bakin masu fushi. Mu da muka yi zamani na dā muna riƙe da wani abu da su ba su da shi: mun san mutum da sunansa, mun san mahaifiyarsa, mun san ba dodo ba ne. In muka bar wannan sani ya mutu tare da mu, mun cuci jikokinmu.

Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu, wanda ya taka ƙasar Kaduna a watan Fabrairu na 1982, ya bar mana misali a kan wannan. Ya gama sakandare a garinsu Wadowice, a ƙasar Poland, a shekarar 1938. A cikin 'yan ajinsa akwai wani Bayahude mai suna Jerzy Kluger. Yaƙin Duniya na Biyu ya raba su. Mahaifiyar Kluger da 'yar'uwarsa da kakarsa duk sun hallaka a kisan da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Fiye da shekara 25 ba su ga juna ba. A shekarar 1965, ana cikin Babban Taron Vatican na Biyu, Kluger, wanda yake zaune a Roma, ya gane daga labarin jarida cewa Babban Bishop na Krakow da ake ambata tsohon ɗan ajinsa ne. Ya neme shi, suka sadu, ba su kuwa sāke rabuwa ba har rasuwar Fafaroma a 2005. Wannan Fafaroma ne ya shiga babbar majami'ar Yahudawa ta Roma ranar 13 ga Afrilu, 1986. Ba ma shakka cewa mutumin da ya riƙe abokinsa na aji da hannu biyu ya fi samun sauƙin miƙa hannu ga jama'ar abokin nan duka. A shekarar 1965 ɗin dai ne Taron Vatican ya fitar da koyarwarsa a kan dangantakar Ikkilisiya da sauran addinai, inda ya ce Ikkilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, ya kuma yi kira a bar ƙiyayyar da ta wuce, a yi aiki tare domin adalci da salama. Ziyartar ɗan ajinka Musulmi ran suna ko ran ta'aziyya ba raunin bangaskiya ba ne. Biyayya ce ga koyarwar Ikkilisiya.

Nisa ba hujja ba ne

Wani zai ce, "Fada, mun watsu, wani yana Legas, wani yana Ingila." Bari mu tuna muku da Ignatiyus na Loyola da Faransis Zabiya, waɗanda suka zauna ɗaki ɗaya suna ɗalibai a birnin Paris tun daga shekarar 1529. A 1541 Faransis ya shiga jirgin ruwa daga Lisbon zuwa Indiya domin aikin Bishara, bai kuwa ƙara ganin Ignatiyus ba. A lokacin wasiƙa takan yi watanni da yawa a teku kafin ta isa, amma ba su daina rubuta wa juna ba. Faransis yakan yanke sa hannun abokansa daga wasiƙunsu ya riƙa yawo da su a jikinsa, domin kada ya rabu da sunayensu. Ya rasu ranar 3 ga Disamba, 1552, a wani tsibiri kusa da gaɓar ƙasar Sin. A shekarar 1553 Ignatiyus ya rubuta masa wasiƙa yana kiransa ya komo Turai, bai san abokinsa ya riga ya rasu ba.

Mu a yau waya tana aljihunmu, saƙo yakan isa Amurka kafin mutum ya ajiye numfashi. Wannan baiwa ce, mu gode wa Allah. Amma mu yi hankali, gama mutum yana iya tura gaisuwar safiya ga mutum 100 kowace rana alhali bai san ɗayansu yana kwance ba. Wanda ya yi shiru a waya shi ne ya kamata a fi nema. Kakanninmu sun ce zumunta a ƙafa take, waya kuwa ba ta soke wannan magana ba. Abokan Ayuba, duk da kuskuren da suka yi daga baya da bakinsu, sun yi abu ɗaya daidai: sun taso daga garuruwansu, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai.

Abin da muke roƙonku

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da muke roƙon kowace ƙungiyar tsoffin ɗalibai da ke cikin wannan dayosis, da kowane Kirista da yake cikin irinta.

Da fari, ku nemo tsohuwar rajistar ajinku, ko ku zauna ku rubuta sunayen daga ka. A taronku na gaba, kafin a buɗe kwanon abinci, a kira suna ɗaya ɗaya har ƙarshe. Wanda bai amsa ba, a sa mutum biyu su nemo labarinsa, su je da ƙafarsu in da hali, su kawo wa taro bayani.

Na biyu, kada kuɗin ƙungiya ko anko ya hana kowa shiga. Masu hali su biya wa marasa hali a asirce, yadda hannun hagu ba zai san abin da na dama ya yi ba, kada a karanta sunan wanda aka taimaka a gaban jama'a. In za ku kashe kuɗi a kan biki, ku ware kashi mafi girma domin marasa lafiya, da gwauraye, da kuɗin makarantar marayun 'yan ajinku. Gara kwalbar magani a hannun mai rai da akwati mai ƙyalli.

Na uku, wanda yake da ƙulli da ɗan ajinsa, ya je ya kwance shi kafin Azumin bana ya shigo, ya kuma kawo abin a Sakramentin Tuba. Wanda yake da ɗan aji a hayin kogi, ya haye.

Na huɗu, ku tuna da matattunku. Littafin Makkabi na Biyu, a sura ta 12, ya yaba wa Yahuza saboda ya tara kuɗi ya aika Urushalima a miƙa hadaya domin abokan yaƙinsa da suka mutu. Ku riƙa ba da Misa domin 'yan ajinku da malamanku da suka riga mu, musamman a watan Nuwamba, ku kuma gayyaci iyalansu.

A ƙarshe, mu tuna cewa Ubangijinmu, a daren da aka bashe shi, ya kira almajiransa abokai, su da suka yi shekara uku suna koyo a ƙarƙashinsa. Kafin gari ya waye sun watse sun bar shi. Amma bayan tashinsa shi ne ya bi su ɗaya ɗaya: ya bi biyun da suka kama hanyar Imuwasu, ya komo domin Toma da bai halarci taron farko ba, ya nemi Bitrus a bakin teku ya mayar da shi kan aikinsa. Haka ya yi da mu ma. Wata rana kuwa za a buɗe littafi a kira suna, tambayar da Allah ya yi wa Kayinu game da ɗan'uwansa za ta iso kan kowannenmu. Allah ya sa mu sami amsa.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Uba, kai da ka haɗa mu da abokan ƙuruciyarmu tun ba mu san kanmu ba, muna gode maka domin malamanmu da makarantunmu. Ka gafarta mana mantuwarmu. Ka ba mu ƙafar zuwa wurin wanda ya faɗi, da zuciyar gafarta wa wanda ya ɓata mana. Ka ba 'yan ajinmu da suka rasu hutawa ta har abada, ka ta'azantar da iyalansu. Tsarkaka Basil da Giregori, ku yi addu'a dominmu. Uwarmu Maryamu, ki yi addu'a dominmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.